Ƙanƙarar Barira

Idon dama ne ya fara. Da safe Barira za ta tashi garau, ta share tsakar gida, ta dama koko, idanunta biyu a buɗe kamar na kowa. Rana na yin tsaka sai fatar idon dama ta fara saukowa a hankali har ta rufe rabin ƙwayar, kafin la'asar na hagu ya bi sahu. In tana son ganin abin da ke cikin tukunya sai ta ɗaga haɓa ta leƙo ta ƙasa, ko ta sa ɗan yatsa ta tokare fatar.

Surukarta, Inna Tambaya, ita ta fara gano ciwon, ko da yake ba ta taɓa taka ƙofar makarantar likita ba. Ta ce raini ne.

"Shekara ashirin da biyu kina gidan nan, sai yanzu kika koyi kallon mutane a ɗage? Ina miki magana kina lumshe mini ido?"

"Wallahi Inna ba da gangan ba ne. Shi ne yake saukowa da kansa."

"To ki ce masa ya hau."

Mijin nata, Badamasi, manomin rani ne, yana da eka uku na tumatir a ƙarshen kanal, tsakanin Kura da Bunkure. Mutum ne mai lura ƙwarai. In ganye ɗaya ya nannaɗe a gonarsa, daga kan babur zai hango shi, ya sauka, ya tsuguna, ya juya bayansa ya nemi tsutsa. Da aka kai masa maganar idon, ya dubi matarsa daga bakin zaure ya ce barci ne bai ishe ta ba.

Bayan ido sai hannuwa. Gidan Badamasi ya yi suna wajen 'yan ƙwadago, domin duk wanda ya yi masa aiki zai ci tuwo mai zafi da rana, ba garin kwaki ba. Yana alfahari da wannan a majalisa, yana cewa shi bai taɓa neman ma'aikata ya rasa ba. Tuwon kuwa hannun Barira ne ke tuƙa shi. Yanzu in ta kama muciya, juyi goma take yi kafaɗunta su mutu, ta saki, ta zauna a kan turmi. In ta huta kaɗan ƙarfin ya dawo, ta ƙara goma. Tuwo ya fara fita da gudaji.

"Wannan ciwo akwai wayo," in ji Inna Tambaya. "Ya san lokacin aiki. Ni dai ban taɓa ganin ya kama ta tana kwance ba."

Abin haushin shi ne gaskiya tsohuwar ta faɗa. Haka ciwon yake, hutu na kwantar da shi, aiki na tayar da shi, duk wanda ya kalle shi daga waje lalaci zai gani. Ita kanta Barira har ta fara zargin kanta. Takan tashi da asuba ta ji jikinta daram, ta ce yau kam ba za ta ba da kunya ba, azahar na yi ta sake samun kanta a kan turmi. Daga baya tauna ta fara gagarar ta. Nama ta daina ci. Ta kurɓi ruwa wata rana ya fito mata ta hanci, ta juya baya da sauri kada a gani.

Yayanta Hammadu, mai gyaran keke a Kadawa, shi ya zo gaishe ta da la'asar ya same ta riƙe da fatar ido da yatsa biyu, tana magana ta hanci kamar mai mura. Ya fita zaure ya zauna da Badamasi, aka yi 'yar magana mai nauyi. Washegari Badamasi ya ce ta shirya su je asibiti, dama zai shiga Kura sayen maganin feshi.

Ya zaɓi safiya da gangan, don likita ya gan ta garau a huta da surutu. Layin asibiti ne ya ɓata masa lissafi. Ba a kira su ba sai bayan azahar, lokacin idanun sun sauka duka biyun.

Likitar mace ce, Dakta Ummulkhairi, ba ta da yawan magana. Ta ce wa Barira ta kalli fankar sama kada ta ƙifta. Kafin minti ɗaya idon da ta yi ƙoƙarin buɗewa ya rufe ruf. Ta ce ta ƙirga daga ɗaya zuwa hamsin da ƙarfi. A ashirin da uku muryar ta shige hanci, a talatin ta ƙare. Sai likitar ta aiki nas wajen mai zoɓo a bakin get, ta dawo da ƙanƙara a leda. Aka ɗora wa Barira a kan idon dama minti biyu, aka ɗauke.

Ido ya buɗe tar.

Barira ta ga likitar, ta ga kalandar bango, ta ga mijinta ya saki baki. Rabon da ta ga ɗaki gaba ɗaya da rana haka har ta manta, sai ta ji hawaye na zubo mata.

"Allahu akbar!" in ji Badamasi. "Ashe maganin a bakin titi yake."

"Ba magani ba ne, Malam, gwaji ne," in ji likitar. "Anjima kaɗan zai sake rufewa. Abin da ya nuna mini shi ne ciwon ba a idon yake ba. Saƙon da jijiya ke kai wa tsoka ne yake yankewa in an yi aiki. Ku je a yi mata hoton ƙirji ku dawo."

"Ƙirji kuma? Likita, ido muka kawo."

"Na sani. Ku je dai."

Da hoton ya fito ta ɗaga shi a jikin taga, ta sa biro ta zagaye wani farin dabo a tsakiya, sama da zuciya. Ta yi musu bayani a hankali, tana kallon Barira, ba mijin ba. Ta ce a bayan ƙashin ƙirji, tsakanin huhun dama da na hagu, akwai wata 'yar tsoka da kowa ke da ita. Wani lokaci ƙari kan fito a jikinta, shi ne kuma yakan zo tare da irin wannan mutuwar jiki. Wannan hoton inuwa kawai yake nunawa. Sai an je babban asibiti a Kano an yi mata babban hoto, wanda ake tura mutum cikin inji, siti sikan ake ce masa, kafin a san girmansa da abin da ya taɓa. Wataƙila a tsakuro kaɗan a auna. In an same shi da wuri, cire shi ake yi.

"In ba a je ba fa?" Barira ta tambaya. Ita ce tambaya ɗaya da ta yi.

"Tsokar da ke ɗaga miki ido, irinta ce ke ja miki numfashi. Yadda waccan ta gaji, wannan ma za ta iya gajiya. Ba na son a wuce sati biyu. Kuma ki nisanci zafin murhu da aikin ƙarfi."

Ta rubuta takarda ta sa a ambulan, ta rubuta ƙwayoyi na wata ɗaya. Badamasi ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya sosai, ya ce in sha Allahu ranar Litinin. A hanyar gida ya tsaya wajen mai firiza ya sayi ƙanƙara.

A nan dole a yi wa Badamasi adalci. Tun daga ranar bai taɓa fashi ba. Kullum in zai dawo sallar azahar sai ya biya ta bakin titi wajen mai firizar sola, ya ɗauro ƙanƙara a bayan babur, ya shigo da ita tana ɗiga. Da hannunsa yake miƙa mata. Ta ɗora, ido ya buɗe, ya ce, "Kin gani ko?" Ya koma gona da zuciya fes, ita kuma ta koma murhu. Kafin ya kai kwalbati idon ya rufe, amma shi ba ya nan balle ya gani.

Ƙwayoyin sun yi aiki. Sati uku Barira na tuƙa tuwo babu gudaji, har ta ci nama. Wannan ne ya kashe maganar Litinin, domin wa zai ɗauki mai lafiya ya kai Kano? Da ƙwayoyin suka ƙare, mai kemis na ƙauye ya juya kwalin ya ce shi bai taɓa ganin irinsu ba, sai dai a birni. Badamasi ya ce ba komai, ai akwai ƙanƙara.

Barira ba ta manta da farin dabon nan ba. Tana jin sa, ko tana ganin kamar tana jin sa, wani nauyi a tsakiyar ƙirji kamar ta haɗiyi loma ta tsaya. Tsoro take ji, tsoro na gaske, irin wanda ba ta da wanda za ta gaya wa. Takan jira sai ya ci ya ƙoshi ya wanke hannu, sannan ta durƙusa.

"Malam, maganar takardar nan."

"Tana nan, na adana ta. Bari a gama feshi, tsutsa ta shigo gonar maƙwabta."

Aka gama feshi.

"Malam, likita ta ce sati biyu. Yau wata guda da kwana tara."

"Barira, jibi ranar ruwanmu ce. Kin san mu na ƙarshen kanal, in ban tsaya a kai ba na sama su tare shi. So kike tumatirin ya ƙone?"

"A'a."

"To."

Ruwa ya zo ya wuce. Sai tumatir ya fara nuna, aka ce bari a yi ɗiban farko. Bayan ɗiban farko akwai na biyu, shi kuwa tumatir ba ya jiran kowa. Ba rashin abin hannu ba ne, a shekarar kasuwa ta yi kyau, motocin kudu na layi a Kwanar Gafan, Badamasi har rufin zaure ya sake. Lokaci ne babu. Kano kuwa, in an hau mota da hantsi, kafin a gama cin rake guda an shiga gari.

Inna Tambaya na da nata dalilin. Ta ce ita ba ta yarda a buɗe ƙirjin mace ba, irin wannan abu in ƙarfe ya taɓa shi yaɗuwa yake yi, kowa ya sani. Barira ta ce hoto kawai za a fara yi. Inna ta ce ai daga hoto ake farawa. Hoton farkon ma ita ta karɓa ta soke shi a jikin rufin madafa, ta ce ba kyau mutum ya kwana ɗaki ɗaya da ƙasusuwansa.

Hammadu ya dawo, ya ce shi zai kai ta, ba sai kowa ya bar gonarsa ba, izini kawai yake nema. Barira na jin su daga bayan katanga.

"Ina raye, da ƙafafuna, wani ya ɗauki matata ya kai asibiti? Me kake so garin nan ya ce? Cewa za a yi na gaza."

"Ba wani ba ne, yayanta ne."

"Na sani, Yaya Hammadu, kuma na gode. Amma ni zan kai ta da kaina. Shiga ka tambaye ta in na taɓa barin ta ba ƙanƙara."

Hammadu ya shigo. Badamasi na tsaye a bayansa, Inna na zaune a gefe tana gyaran zogale. Hammadu ya ce, "Barira, yaya jikin?" Ta dubi ƙasa, ta ce da sauƙi. Me za ta ce? Ya fita ransa a ɓace, ita kuma ta shiga ɗaki ta yi kuka, kukan ma bai fito da sauti ba.

Zafi ya shigo sosai. Wuyanta ya fara kasa riƙe kai, in ta zauna sai ta tallafe haɓa da tafin hannu. Tuwo ya daina wucewa, ta koma kunu, kunun ma da cokali, tana yi tana hutawa. Kwanciya a miƙe ta gagara, sai ta jingina da bango. In ta yi magana mai tsawo sai ta tsaya a tsakiya ta nemo iska.

Wata Laraba da hantsi Badamasi ya shigo gida a gigice. Injin ban ruwansa, wanda yake jawo ruwa da shi daga kanal in ya yi ƙasa, ya fara tari yana ɗaukewa. Makanikin ƙauye ya saurara ya ce shi ba zai taɓa ba, a kai Kano. Badamasi ya sake riga, ya ɗaure injin a bayan babur da roba, ya sa tsumma a ƙarƙashinsa kada gargada ta ji masa.

Barira ta fito tana dafa bango, mayafinta a hannu.

"Malam, tunda Kanon za ka."

"Ina zan sa ki? Ba ki ga inji ba?"

"Sai in hau mota. Mu haɗu a can."

"Yau ba zai yiwu ba, wuni zan yi wajen makaniki. Sai sun kwance shi gaba ɗaya."

"Ba za a ɗan lallaɓa shi ba zuwa jibi?"

Ya dube ta kamar ta yi saɓo. "Inji ne fa, Barira. Yana aiki yana ɗaukewa, kin san ciwon a ciki yake. Irin wannan in ba a buɗe an duba da wuri ba, rana ɗaya zai tsaya cak, shi ke nan an yi asara."

Ta tsaya tana kallonsa ta ƙasan ido, ko zai ji abin da bakinsa ya faɗa. Bai ji ba. Ya tayar da babur, ya ce ya bar sallahu wajen mai firiza za a kawo mata ƙanƙararta. Da magariba ya dawo da inji yana aiki lafiya, ya ce Allah ya taimaka an kama abin da wuri.

Ranar Asabar aka yi babban ɗiba. Mutum talatin da biyu a gona, kwanduna jere a bakin kanal, babbar mota na jira. Tun da safe aka ɗora tukwane biyu. Barira ta ce wa Inna yau jikinta ba daɗi, numfashinta ba ya kaiwa ƙasa.

"Yau ɗin da ya fi kowace rana aiki? Ai dama na san zai zo yau. Daure ki tuƙa, in an sauke kya kwanta har gobe."

Ta daure. Ta zuba gari, ta kama muciya, wuta na dukan fuskarta. Juyi biyar ta huta. Juyi uku ta huta. A tukunya ta biyu muciyar ta zame daga hannunta ta faɗa cikin toka. Ta ja jiki zuwa inuwar ɗaki ta jingina da bango, kanta ya faɗo kan ƙirji, idanun suka rufe.

Ba suma ta yi ba. Tana jin komai. Tana jin tuwo na tafasa yana kama gindin tukunya, tana jin kaji, tana jin yawu na bin gefen bakinta ba ta iya haɗiye shi. Tana jan iska, iskar na tsayawa a maƙogwaro. Ta so ta ce a kira Yaya Hammadu, harshen ya ƙi tashi.

"Kin gani ba," ta ji Inna na gaya wa maƙwabciyar da ta shigo taya kwasa. "Tuwo na ƙonewa ita tana barci."

Maƙwabciyar ta matso ta leƙa fuskarta, ta ce, "Inna, anya barci ne? Leɓenta fa ya sake launi." Aka aika gona.

Badamasi bai yi wasa ba, ya baro kwanduna ya taho a guje. Sai dai ya biya ta bakin titi tukuna, ya tarar da layi wajen mai firiza, ranar zafi ce kowa na son ruwan sanyi. Ya shigo da ƙanƙara biyu maimakon ɗaya. Ya tsuguna, ya ɗago mata kai, ya ɗora ɗaya a kowane ido, ya riƙe da hannunsa. Sanyin ya ratsa ta. Tana ƙirga numfashinta, kowanne ya fi na baya gajarta.

Ya ɗauke. Idanun suka buɗe duka biyu, tar, kamar ranar asibiti.

Ta gan shi sosai. Ta ga gumi a goshinsa, da 'ya'yan tumatir a hannun rigarsa, da murmushin da ya fara yi. Ta ga hayaƙin tuwon da ya ƙone, ta ga gefen hoton ƙirjinta a soke a rufin madafa.

"Alhamdu lillahi," in ji Badamasi, ya juya wajen matan. "Kun gani? Ta farka. A ba ta wuri ta sha iska. Barira, ki yi haƙuri, ana gama lodin nan, Litinin in sha Allahu."

Tana kallonsa. Maƙwabciyar ce ta lura ƙirjin ya daina motsi, ta fasa salati.

An yi jana'iza bayan la'asar. Mutane sun taru sosai, har 'yan ƙwadagon da suka ci tuwonta shekara da shekaru. A zaman makoki Badamasi ya yi kuka na gaske, ba na ganin ido ba, domin yana son matarsa daidai yadda ya iya so. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya gaya masa.

"Allah ne shaidata, wata uku ban taɓa barin ta ba ƙanƙara ba. Ko ranar da na je Kano sai da na bar sallahu."

Mutane suka ce ya yi ƙoƙari, kwana ne ya ƙare. Mai firiza ma ya ba da shaida. Hammadu na zaune a ƙarshen tabarma, da aka shafa fatiha ya tashi ya tafi bai yi wa kowa sallama ba. Babu wanda ya tambayi sunan ciwon, kuma da an tambaya babu mai amsa, domin har ta koma ga Mahaliccinta ba a san ko ƙarin nan ya kai goro ko ya kai lemo ba, ko na cirewa ne ko ba na cirewa ba. Takardar da za ta kai ta inda za a sani tana cikin jakar Badamasi, a ninke tsaf, tare da takardar gyaran inji. Bai yar da ita ba, mutum ne mai adana.

Ranar sadakar uku mata suka cika gida, aka ɗora manyan tukwane. Itacen ɗanye ne, wuta ta ƙi kamawa, hayaƙi ya turnuƙe madafa. Aka nemi mafici aka rasa. Inna Tambaya ta miƙa hannu ta zaro hoton daga rufi, ta kaɗe masa ƙura, ta tsuguna tana fifita murhu da shi, haƙarƙarin Barira da farin dabon da likita ta zagaye suna kai da kawowa a bakin wuta.

"Ashe yana da amfani," in ji ta.

Wuta ta kama.